Wasiƙa daga Bamingam: Kansila, Shara da Harajin Gida

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna da yara duk suna lafiya. Ka ce tunda ana ta cece-kuce kan 'yancin ƙananan hukumomi a gida, in ba ka labarin yadda Turawan Ingila ke tafiyar da nasu. To ga abin da idona ya gani.

Nan ba a kwashe maka shara don Allah. Kowane gida akwai harajin majalisar birni a kansa, naka ne ko haya kake. An kasa gidaje rukuni takwas, daga A zuwa H, bisa kimar da aka yi musu tun 1991, kuma ko mu 'yan rukunin A, mafi ƙanƙanta, abin ya haura fam dubu a shekara. Yawanci sau goma ake biya, wata-wata, daga Afrilu zuwa Janairu. Wanda ke zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin ɗari. In ka ƙi biya, sammacin kotu ne zai biyo baya. Kuɗin ruwa kuma daban, wannan na kamfani ne.

Shi ya sa mutumin nan ba ya jin nauyin kansilansa. Kansiloli 101 ne a mazaɓu 69, kuma da yawansu suna da ranar sauraron jama'a a laburare ko ɗakin taron unguwa. Na taɓa leƙawa. Wata dattijuwa 'yar Pakistan ce a gabana, ta ɗauko hoton ramin titi a wayarta ta dangwara masa a tebur, tana yi masa faɗa kamar ɗan cikinta, shi kuwa sai rubutawa yake. Ban ji "ranka ya daɗe" ba, ban kuma ga wanda ya zo neman gudummawar suna ko kuɗin magani ba.

Jam'iyyar da ta fi kujeru ce ke fitar da jagora, shi kuma ya naɗa 'yan majalisar zartarwa, wannan na gidaje, wancan na yara, wani na sufuri. Su ke tsara abin da za a sa gaba. Daftarin kasafi a sa shi a intanet kowa ya tofa albarkacin bakinsa, kwamitocin sa ido masu 'yan adawa a ciki su yi masa tankaɗe da rairaya, sannan duka kansiloli su kaɗa ƙuri'a. Doka ta ce a gama kafin 11 ga Maris, kuma ana haska zaman kai tsaye.

Amma kada ka ɗauka ra'ayin jama'a ne ke yanke hukunci. Kafin a tambaye mu, doka ta riga ta cinye tuwon. Wajibi ne majalisa ta kula da tsofaffi, da masu naƙasa, da yaran da aka karɓe daga iyayensu, da iyalan da ba su da wurin kwana, kuma nan mafi yawan kuɗin ke tafiya. Abin da matarka da Gwaggo ke yi wa Inna safe da yamma, wanka da ɗauko magani da dama kunu, nan ma'aikaciya ce ake biya ta zo ta yi ta duba agogo ta wuce. Sai abin da ya rage ake rabawa tsakanin shara, fitilun titi, laburare da wuraren shaƙatawa. A kan ragowar nan ake duk hayaniyar.

Kuma su ma suna tsiyacewa. A watan Satumba na 2023 majalisar Bamingam ta shelanta cewa kuɗinta ba za su kai ba. Babban dalili shi ne bashin mata ma'aikata da aka daɗe ana biya ƙasa da maza, wanda aka ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 760, ga wata manhajar kwamfuta da ta ci kuɗi ba ta yi aiki yadda ake so ba. Gwamnati ta turo kwamishinoni daga Landan, aka ƙara haraji kusan kashi 10 cikin ɗari a 2024, aka rage hasken fitilun titi. A Maris na 2025 masu kwasar shara suka shiga cikakken yajin aiki, har tan dubu 17 ta taru a titunan birni. Wanda ya ce maka Turai ba bola, bai zo lokacin ba.

Mu a Katsina ƙananan hukumomi 34 ne, mazaɓu 361, amma kuɗin daga Abuja yake saukowa, shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A ganina shi ya sa idon kansilanmu ke kallon sama, ba unguwa ba. Su ma nan suna samun kaso daga gwamnati, sai dai wanda ke fita daga aljihunka ba ka mantawa da shi. Kotun Ƙolin Najeriya ta ce a 11 ga Yulin 2024 a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Madalla. To in ya zo, wa zai ga takardar rabon?

Don Allah in kun haɗu da kansilan mazaɓarmu a masallaci, ka tambayar mini shi wace rana majalisarsu ke zama, da ko talaka na iya shiga ya saurara. Kilishin da Inna ke son aikowa kuwa a bari, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. A gaida kowa da kowa.