Keke mai taya ɗaya, inci 36: shekara ɗaya da rabi ina hawa, ga abinda na gani

Ranar dana fara nuna wa Umma keken nan a waya shiru tayi na ɗan lokaci tana kallo, sai tace "to sauran rabin fa, sacewa akayi?" Nace a'a Umma haka ake ƙera shi. Tace "kuma da kuɗinka ka saya?" Nace eh. Tace Allah ya shirya. Har yau in mukayi waya sai ta tambaya ko ƙafafuna suna nan lafiya kafin ta tambayi aiki.

To ga masu ta turo min tambaya kan yadda hawansa yake da ko a saya tunda na saka hoton keken nan, bari in yi bayani gaba ɗaya in huta. Ina zaune a Munsta ne a Jamus, gari ne da keke ya fi komai yawa, kuma ƙasar wajen shimfiɗaɗɗiya ce kaman faranti. Na koyi hawan mai taya ɗaya akan ƙarami mai faɗin taya inci 20, irin wanda yara mata ke hawa anan a kulob ɗin wasanni, na kwashe kusan sati 3 ina dafa katangar filin ƙwallo kafin na iya tafiyar mita 50 ba faɗuwa. Matsalar ƙaramin shine baya zuwa ko'ina, kayi ta juya ƙafa kaman mai keken ɗinki amma tsohuwa mai jan jakar cefane sai ta wuce ka. Dalili kuwa keken nan bashi da sarƙa, bashi da firi, feda a jikin tayar take kai tsaye, juyi ɗaya na ƙafarka juyi ɗaya ne na taya. Inci 20 juyinsa ɗaya wajen mita 1.6 ne, shi kuma inci 36 yana cin kusan mita 2.9. Lissafin kenan gaba ɗaya, in kana son nisa sai dai tayar ta girma.

Nawa na hannu ne. Wajen wani dattijo na saya wanda gwiwa ta hana shi hawa, kusan rabin kuɗin sabo, kuma haɗe-haɗe ne, firam daban sirdi daban birki daban, dan haka ba zan ce muku ga kamfani kaza ba. Shi dattijon Coker yake ce masa duk da ba Coker bane, ashe wani kamfanin taya ne a Chattanooga ta Amurka, masu yin tayoyin tsofaffin motoci, su suka fara fito da mai inci 36 a 1998, sai sunan ya bi duk wani babba kaman yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo. Yanzu sunayen da zakaji a bakin masu harkar sune Qu-Ax na nan Jamus da Nimbus da kuma Kris Holm, shi wannan sunan mutum ne ɗan Kanada da yayi suna wajen hawa duwatsu da taya ɗaya kafin ya fara ƙera nasa.

Ganin farko dana yi masa a garejin dattijon sai da gabana ya faɗi. Sirdin a ƙirjina yake. Tayar kuma ta tuna min gargaren da muke garawa muna yara, sai dai wannan gargaren na ƙattai ne. Hawansa kaɗai ya ɗauke ni wata guda, ina nufin hawa ba tare da dafa fol ɗin fitila ba. A ƙarami taka feda kawai zakayi ka miƙe, wannan kuwa sai ka tura shi gaba taku biyu uku sannan kayi tsalle ka bi shi sama, in ka yi jinkiri ya dawo da kai baya, in ka wuce gona da iri ka dira ta gaba. Har yanzu in na gaji bayan tafiya mai nisa sai in gwada sau 4 ko 5 kafin ya karɓe ni, mutane na tsaye a bakin danja suna kallo, wannan kam ba daɗi.

Amma da zarar ya fara gara wlh wani abu ne daban. Tayar tana da nauyi, to nauyin shi ke riƙe ka, ƙananan ramuka da duwatsun da zasu kayar dakai akan ƙarami wannan takawa yake ya wuce kaman bai gani ba. Kana sama can kanka ya haura mita 2, kana hango cikin gonaki ta saman shinge, ba ƙarar sarƙa ba komai sai ƙugin taya akan kwalta. Akwai hanyar gefen kanal ɗin Dortmund-Ems da nake bi ranar Asabar da safe, miƙaƙƙiya ce ba mota, ina yin kilomita 15 zuwa 17 a awa ba tare da haki ba. Reshen bishiya ne kawai abokin gaba, sau biyu yana cire min hula kafin na koyi sunkuyawa.

Yanzu ga inda nake so masu niyyar saye su buɗe kunne, dan anan na yi asarar kuɗi. Dana ga ina gajiya da wuri kuma gwiwata na ciwo sai na ɗauka kayan ne basu da kyau, na fara saye-saye, sabon sirdi, sabbin feda, wani ƙarfen riƙo. Ashe gyaran yana jikin keken tun ranar dana ɗauko shi, kyauta. Hannun fedar, wato ƙarfen daya haɗa feda da tsakiyar taya, ramuka biyu gare shi, ɗaya a milimita 150 ɗaya a 127. Dattijon ya bar fedar a 150 kuma nima na barta a wajen wata 7 saboda tsoro. A 150 kana da ƙarfin juya tayar, tsayawa da sauƙi, hawa tudu da sauƙi, amma ƙafarka tana zana babban da'ira, gwiwa ta taso ta koma ta taso ta koma, keken kuma yana ta lilo hagu da dama. Wata rana wani da muka haɗu a hanya, shima mai irin nawa, ya kalli ƙafata yace me nake jira ban matsa ciki ba. Na dawo gida na ɗauko sifana mai lamba 15 na mayar da fedar ramin 127, na ɗaga sirdi da ɗan abinda ya haura santimita 2 tunda yanzu ƙafa bata sauka ƙasa sosai. Kwana 3 na farko ji nayi kaman an bani keken wani, na kasa hawa, in na zo tsayawa sai ya ƙi ji. Bayan sati biyu kuwa lilon ya tafi, ciwon gwiwa ya tafi, tafiyar ta zama sumul kaman ana zuba mai. Milimita 23 fa kawai, bai kai faɗin yatsu biyu ba. Duk abinda na saya ban ga wanda ya canza keken rabin yadda wannan ya canza shi ba. Akwai masu sauka har 110, ni ban kai nan ba tukuna.

Tunda ana maganar feda bari in faɗi wautar dana tafka. Na cire tayar dan in yi faci, dana zo mayarwa sai na juya ta, hannun dama ya koma hagu. A ido ba bambanci ko kaɗan. To fedar hagu zarenta a juye yake, anyi haka ne dan tafiya ta riƙa ƙara ɗaure ta, in ka juya tayar kuwa tafiyar kwance ta zata riƙa yi. Ban yi kilomita 3 ba naji ƙafar dama na rawa, kafin in ankara feda ta fita ta bar ni, na dira da tafin hannu a gaban wasu 'yan makaranta. Zaren ramin ya ɗan ci amma Allah ya taimaka bai lalace duka ba. A jikin ƙarfen akwai L da R rubuce ɓaro-ɓaro, ni ne ban duba ba.

Sirdi shine abu na biyu. Duk nauyinka a kansa yake, babu kan keke da zai raba maka, kuma babu firi balle ka miƙe tsaye ka huta. Na farko mai lanƙwasa ne kaman ayaba mai soso da yawa, a ido kace gadon sarki, bayan minti 40 kuwa sai inji komai ya mutu a ƙasa, maza sun gane abinda nake nufi. Wanda na koma mai faɗi ne siriri mai tauri, satin farko na tsine masa, amma shi ake so, sai dai baya aiki shi kaɗai sai an haɗa da ƙarfen riƙo da ake ɗaurawa a ƙarƙashin sirdi ya miƙo gaba. In ka dafa shi da hannu biyu ka ɗan kwanta sai nauyin ya koma kan ƙashin zama, kuma iska bata dukan ƙirjinka sosai, iskar wajen nan kuwa ba ta wasa bace. Aibinsa ɗaya, duk faɗuwa shi ke fara dukan ƙasa, nawa ya sha tef har ya gaji. Ku nemi gajeren wandon 'yan tseren keke mai soso a ciki, ni ina saka shi ne ƙarƙashin dogon wando dan ba zan iya yawo dashi haka a gari ba.

Birki kuwa mutane dariya suke in nace akwai. Akwai, ɗan hannunsa a ƙarƙashin sirdi yake ta gaba, nawa na mai ne. Ba na tsayawa bane kaman na keke, na gangara ne, ka ɗan matsa a hankali ka jingina baya ya riƙe maka tayar dan kada cinyoyinka su ƙone. In ka damƙe shi gaba ɗaya taya zata tsaya kai kuma ka cigaba da tafiya a iska. Cikin gari kusan bana taɓa shi, sai dana je tuddan Baumberge yamma da gari sannan na san amfaninsa.

Abinda yafi bani haushi shine taya da tib. Babu shagon keke a unguwarmu dake ajiye inci 36, kowanne sai yace sai dai a yi oda ta intanet, ka zauna jira. Wasu suna saka tib ɗin inci 29 su ja shi da ƙarfi ya shiga saboda yafi sauƙin samu kuma bashi da nauyi, na gwada, na farko na tsunkule shi da ƙarfen cire taya tun kafin ya sha iska, na biyu ya zauna yana nan har yanzu. Ranar na tuna masu facin bakin titi a gida, da minti 10 sun gama min da ɗan canji, anan kuwa ni ne mai facin ni ne yaron shago, yatsuna har sun yi kanta. Sannan in titi ya karkata gefe saboda ruwan sama tayar sai ta riƙa jan ka, kayi ta tafiya a murɗe kaman mai ciwon ƙugu, ƙara iska yana rage wannan sosai.

Hular kwano da safar kare wuyan hannu ba a ciniki akansu. Akan ƙarami in ka faɗo a tsaye kake dira ka ɗan yi gudu shikenan, akan wannan akwai saurin da in ka wuce shi ƙafarka bata iya kamo jikinka, sai ƙasa. Fedar ma masu ƙananan ƙusoshi ce dan ta riƙe takalmi, ƙaurina na dama duk zane ne.

Akwai wani abu da nake ta kallo a intanet ina haɗiyar yawu, tsakiyar taya mai giya (ba ta sha ba jama'a) ta Schlumpf da ake yi a Suwizalan, da dunduniya ake buga wani maɓalli sai juyi ɗaya na ƙafa ya koma kusan ɗaya da rabi na taya. Kuɗinta yafi na keken gaba ɗaya, kuma gaskiya tsoron gudun nake. Duk sanda naji ina son ƙarin kaya sai in tuna Ed Pratt, yaron Ingila daya bar gida a 2015 yana shekara 19 ya zagaya duniya akan inci 36 mara giya da jakunkunansa gaba da baya, bai dawo ba sai 2018. Ni da iyakata bakin kanal me zanyi da giya.

To a saya ko kar a saya? In baka taɓa hawan mai taya ɗaya ba kada ka fara da wannan, zai zama kayan ado ne a bayan ƙofa, nemi inci 20 ko 24 tukuna. In gajere ne kai ka auna tsawon ƙafarka kafin ka biya, wasu sai an yanke sandar sirdin, akwai ma samfurin Nightfox na Nimbus da akayi musamman dan masu gajerun ƙafa. In a cunkoso zaka riƙa hawa, danja bayan danja, inci 29 zai fi maka kwanciyar hankali. Ka kuma yi tunanin wajen ajiya, nawa wajen kilo 8 ne kuma ina hawa na 3 ba lifta, a but ɗin ƙaramar mota ma sai na cire feda yake shiga. Amma in kana da doguwar hanya shimfiɗaɗɗiya kusa dakai kuma ka riga ka iya, ni dai ban yi nadama ba ko ta kwana ɗaya, ka tabbata dai hannun fedar mai rami biyu ne, sauran kayan ka bari sai jikinka ya nema.

Jiya ma wani dattijo mai kare ya tsayar dani yana tambayar ina ɗaya tayar, tambayar da nake ji kusan kullum, kowa kuma gani yake shi ya fara ƙirƙiro ta. Nace masa ina tara kuɗinta ne. Yayi dariya har karen ya fara haushi, ni kuma tunda na riga na sauka sai da nayi tsalle 3 kafin na koma sama.