Wata shida ina bin finafinan Hausa a YouTube

Ni 'yar zamanin kaset ce. Yaya ne yake zuwa Ƙofar Wambai ya sayo mana sabon fim, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, maƙwabta su yi sallama su samu wuri. Daga baya muka koma kai memori shagon masu tura fim. Yanzu wata shida ke nan da na tattara na koma YouTube, tunda masu shirya finafinan Kannywood ma can suka karkata da shirye-shirye masu dogon zango tun wajen 2020.

Gaskiya na ji daɗinsa. Ina sayen datar dare mai araha, in sauke kashi biyu ko uku kafin asuba, in rage ƙarfin hoton zuwa 360 don kada ya cinye min wuri. Da rana sai in jingina wayar a jikin filas ɗin shayi, ina ɗinki ina saurare. Hajiyarmu, wadda ko kiran waya sai an danna mata, ta san ranar da kowane shiri yake fita. Tana idar da sallar isha'i za ta ce, "Ke, sun saki na yau kuwa?" Talla kuma ba na tsallake ta, domin daga nan ne masu fim suke samun na sakawa a bakin salati, abin da masu satar fasaha suka hana su a zamanin faifai.

Abin da yake damuna gajerun bidiyo ne. Tun da aka ƙara tsawon Shorts, wato gajerun bidiyon YouTube, zuwa minti uku a 2024, wasu sun mayar da yanka fim sana'a. Su ciro wurin da ya fi zafi, mari ko saki ko kukan uwa, su watsa. Ƙanwata Wallahi ta san ƙarshen labari kafin ni, alhali ba ta taɓa zama ta kalli kashi ɗaya cikakke ba. Ina ganin har wasu marubutan sun fara rubutu don a yanka, kowane minti biyar sai an yi faɗa, hirar nutsuwa tsakanin uwa da 'ya ta yi ƙaranci.

Zan ci gaba da amfani da YouTube. Amma makon jiya na sayi ƙaramar lasifika, kuma na sa doka: daren Juma'a waya ɗaya za a kunna, kowa ya fito tsakar gida.