Wutar tudu ga jiragen ruwa: hukumar tasha ce za ta gina, ko a bar wa kamfani?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya: idan tashar jiragen ruwa tana son jiragen da suka tsaya a cikinta su kashe injinansu su jona wutar lantarki daga tudu, wanne ya fi, hukumar tashar ta gina kayan da tallafin gwamnati, ko a ba kamfani mai zaman kansa ya zuba kuɗinsa ya riƙa sayar wa jiragen wuta? Malam, ga abin da muka sani a kan hanyoyin biyu. Sai dai kafin a yi maganar mai biya, ya kamata a san abin da ake saye, domin a nan ne lissafin mutane da yawa yake karkacewa.

Jirgin da aka ɗaure a matsaya ya kashe babban injinsa, amma janaretocinsa suna nan suna aiki dare da rana saboda fitilu, fanfuna, na'urorin sanyi da kwantenonin da ke ɗauke da kayan da ba a so su lalace. Kowane kilowat ɗaya na awa ɗaya yana cin man dizal na jirgi kimanin giram 200 zuwa 220, kuma kilo ɗaya na wannan mai yana fitar da iskar kabon kusan kilo 3.2. Ga kuma salfa da naitirojin oksayid da ƙurar hayaƙi mai shiga huhu, waɗanda ma'aikatan tasha da mazauna unguwannin da ke kewaye suke shaƙa. Wutar tudu tana kawar da wannan hayaƙi daga bakin ruwa kusan gaba ɗaya. Ragin kabon kuwa ya dogara ne da inda wutar ta fito: idan daga ruwa ko iska ce, ragin babba ne, idan daga kwal ce, ƙila ma babu riba ta wannan fuska. Tukunyar tururin jirgi kuma ba ta mutuwa don an jona wuta, shi ya sa manyan jiragen dakon mai, masu tura kayansu da fanfunan tururi, ba su cika cin moriyar tsarin kamar sauran ba.

Kayan da ake kafawa suna bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna IEC/IEEE 80005-1, wadda ta fara fitowa a 2012. Ana janyo wuta daga babban layi zuwa ƙaramar tashar rarrabawa, a bi da ita ta taransifoma, sannan na'urar sauya bugun wuta idan akwai buƙata, sai wata taransifomar da ke ware kowane jirgi daga sauran, sai makunnai da birekoki masu katse wuta, sai kebul a cikin bututun ƙarƙashin ƙasa har zuwa ramukan soket a bakin matsaya. Jirgin kwantena ana ba shi 6.6 kV (kV shi ne volt dubu) har zuwa 7.5 MVA (MVA awon ƙarfin wuta ne, kusa da megawat) ta kebul 2, kuma shi ne yake sauko da kebul ɗinsa daga kan faifan naɗi. Jirgin yawon shaƙatawa yana iya neman 16 zuwa 20 MVA, galibi a 11 kV, ta kebul 4, kuma tudu ce take miƙa masa da wata mota mai hannu. Hatta abin da ke rage ƙarfin wutar da ta zurare zuwa ƙasa ba ɗaya ba ne tsakanin na kwantena da na shaƙatawa. Saboda haka matsayar da aka gina don wani nau'in jirgi ba ta karɓar wani haka kawai.

Na'urar sauya bugu ita ce mai cin kuɗi. Yawancin manyan jiragen teku suna aiki da wuta mai bugawa sau 60 a daƙiƙa, wato 60 Hz, alhali layukan wutar Turai da Afirka da mafi yawan Asiya 50 Hz ne. Tashoshin Amurka da Kanada sun huta da wannan, tunda layinsu 60 Hz ne, don haka bai dace a ɗauki farashin aiki a Los Angeles a auna na Hamburg da shi ba.

To, mu zo kan hanyoyin. A hanya ta farko hukumar tasha ce mai kayan, ita ke neman tallafi, ita ke ba da kwangila, ita ke sayen wuta ta sayar. Haka Los Angeles ta fara a 2004 a matsaya ta 100, kuma ta samu sauƙi domin tashar da hukumar wutar birnin duk na birni ɗaya ne. Haka Hamburg ta buɗe nata na jiragen shaƙatawa a Altona a 2016 da gudummawar gwamnatin tarayyar Jamus da Tarayyar Turai. A hanya ta biyu kamfani ne mai kayan. Misalan da aka fi sani ma ba kamfani ne tsagwaronsa ba, haɗin gwiwa ne: a Rotterdam ta Holan hukumar tashar da kamfanin wuta na Eneco suka kafa Rotterdam Shore Power, a Bergen ta Norwe kuma tashar da kamfanin wutar yankin suka kafa Plug.

Bambanci na farko shi ne tsadar kuɗin kansa. Bari mu ƙaddara lissafi, ba na wata tasha ba, don a ga yadda abin yake tafiya. A ce aikin ya ci yuro miliyan 10, za a mayar cikin shekara 15. Hukumar da ta samu rance a kan kashi 3 cikin 100 za ta riƙa biyan kusan yuro 840,000 a shekara. Kamfanin da ke neman kashi 8 cikin 100 zai buƙaci kusan miliyan 1.17. Idan jirage sun jona na awa 3,000 a shekara suna jan megawat 2, an sayar da kilowat-awa miliyan 6. Kuɗin gini kaɗai zai hau kan kowane kilowat-awa da santi 14 (santi 100 ne yuro ɗaya) a wajen hukuma, kusan santi 20 a wajen kamfani, tun ba a sa kuɗin wutar kanta da gyara da albashi ba. Shi kuwa mai jirgi, idan tan ɗin mai yana yuro 700, janaretansa yana ba shi wuta a kan kusan santi 15. Ka ga ke nan babu ɗaya daga cikin biyun da zai ja hankalinsa idan ba tallafi. Idan tallafi ya ɗauke rabin kuɗin gini, na hukuma ya sauko santi 7, na kamfani santi 10. Wannan ne dalilin da ya sa ko kamfanonin ma suna dogara da asusun gwamnati, kamar Enova a Norwe, asusun CEF na Tarayyar Turai, ko shirin Clean Ports na Amurka mai dala biliyan 3 wanda dokar 2022 ta samar.

Yanzu a sauya abu ɗaya a lissafin: awannin jonawa su faɗo daga 3,000 zuwa 1,000. Santi 14 ya koma 42, santi 20 ya koma kusan 58. Tazarar da ke tsakanin hukuma da kamfani ba komai ba ce idan aka kwatanta da tazarar da ke tsakanin matsayar da jirage ke jonawa da wadda ba sa jonawa. A ganinmu nan ne zuciyar maganar take, kuma nan ne halayen hanyoyin biyu suka fi rabuwa.

Kamfani ba ya sa bulo ɗaya sai ya riƙe takardar mai saye. Aikin Rotterdam na megawat 20 a mashigin Caland ya yiwu ne saboda akwai abokin ciniki guda, kamfanin Heerema, wanda manyan jiragensa na ɗaga kaya suke daɗewa a wurin. Jiragen fito da na dakon motoci masu zuwa matsaya ɗaya kullum su ma haka ne, shi ya sa Gothenburg ta Suwidin ta fara da irinsu tun 2000. Wannan taka-tsantsan yana da kyau, domin da wuya kamfani ya gina abin da zai zauna yana tsatsa. Illarsa ita ce yana tsince matsayu masu maiƙo ya bar sauran, ko da sauran ne suka fi kusa da gidajen jama'a. Hukuma tana iya cewa matsayar da ke jikin unguwa za a fara yi, ko ba ta da riba, kuma hakan daidai ne, tunda lafiyar mutane ce dalilin aikin tun farko. Amma ita ma tana da nata ciwon: tallafi yana zuwa da wa'adin kashewa, sai a yi gaggawar gini, a yanke kintinkiri, sannan a gano jiragen da ke zuwa ba su da soket. Tallafi kuma galibi na gini ne, ba ya biyan gyara da ma'aikatan da za su fito jonawa da tsakar dare.

Abin da yake warware kallon-kallon da ake yi tsakanin tasha da masu jirage, kowa yana jiran ɗayan ya fara kashe kuɗi, doka ce. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa tata a 2007, ta fara tilastawa a 2014, ta ƙara tsaurara ta a 2020, inda jirgi yake da awa 2 ya jona bayan an ba shi izinin fara aiki, kuma ba zai cire ba sai saura awa 1 matuƙin tasha mai fitar da jirgin ya hau. Tarayyar Turai ta ɗaure ɓangarorin biyu da dokoki biyu na 2023. Ɗaya ta ce zuwa 2030 manyan tashoshinta su iya ba da wuta ga kashi 90 cikin 100 na zuwan jiragen kwantena da na fasinja da suka haura girman tan 5,000. Ɗayar ta tilasta wa jiragen su jona daga 2030 idan za su tsaya awa 2 ko fiye, tare da tarar yuro 1.5 kan kowane kilowat na buƙatar jirgin a kowace awa. Inda akwai irin wannan doka, kamfani yana iya shiga da ƙwarin gwiwa, banki ma ya ba shi rance. Inda babu ita, hukuma ce kaɗai za ta iya ɗaukar kasadar, kuma dole ta haɗa da rangwamen kuɗin shiga tasha ga jirgin da ya jona, ko ta rubuta sharaɗin jonawa a cikin yarjejeniyar hayar matsaya.

Wajen ƙira, hukuma tana da fifiko ɗaya da ba a cika lura da shi ba. Ƙa'ida ta ce a tanadi 7.5 MVA ga jirgin kwantena, amma yawancinsu ba sa jan rabin haka, kuma ba duka matsayu ke cika lokaci ɗaya ba. Wanda yake da iko da tashar gaba ɗaya yana iya gina ɗakin sauya bugu guda ya raba wa matsayu da yawa, ya rage girman na'urorin da zai saya. Idan kowane mai hayar matsaya ya kawo nasa kamfanin, kowa zai sayi cikakken nasa, a kuma nemi layi daga kamfanin rarraba wuta sau da yawa. Neman layin nan shi ne abin da ya fi jinkirta aiki, yana iya ɗaukar shekaru, don haka a shigar da takardarsa tun kafin a gama zane.

Wajen gudanarwa kuwa kamfanin wuta ya fi hukuma hannu. Sayen wuta sana'a ce. Kamfanin rarrabawa yana cajin mafi girman ƙarfin da aka ja, ba yawan abin da aka sha kaɗai ba, don haka jirgin shaƙatawa ɗaya da ya ja megawat 10 na yini guda yana iya ɗora wa tasha cajin wata ko ma na shekara. Ga haraji: man jiragen ƙasa da ƙasa ba a sa masa haraji, wutar tudu kuwa ana sa mata, har sai da ƙasashe irin su Suwidin da Jamus suka nemi izinin Tarayyar Turai suka rage shi.

Akwai kurakuran da ba ruwansu da wanda ya biya. Ramin soket da aka haƙa ba tare da an duba jerin jiragen da ke zuwa ba, sai jirgi ya tsaya kebul ɗinsa ya kasa kaiwa, ko igiyar ɗauri ta gitta ta kan murfin, ko ƙafar ƙugiyar ɗaga kwantena ta tsaya daidai wurin. Ramin da ba shi da magudana yana tara ruwan gishiri ya cinye bakin soket. Inda teku ke cika da janyewa sosai, kebul yana ɗamewa ko ya yi lanƙwasa, dole faifan ya riƙa saki da ja da kansa. Jonawar ma tana da tsari: ana cusa filogi ne alhali layin yana mace kuma an haɗa shi da ƙasa, a tabbatar siraran wayoyin tsaro sun zagaya sun haɗu, a cire haɗin ƙasa, tudu ta kunna birekarta, jirgi ya daidaita bugun janaretansa da na tudu, a mayar da nauyi sannu a hankali, sannan a kashe inji. Waya ɗaya ta tsaro ta tsinke, birekokin ɓangarorin biyu su faɗi, jirgi ya shiga duhu har janaretansa ya tashi. Yarjejeniya ta faɗi a fili wanda zai biya idan kayan sanyi suka lalace a irin wannan hali, domin a nan ne rigima take tashi tsakanin tasha da kamfani da mai jirgi.

Shawararmu gare ka, Malam: a raba aikin gida biyu. Layin da ke shigowa, ɗakin taransifoma da bututun ƙarƙashin matsaya, waɗanda za su yi shekaru masu yawa suna amfani, hukuma ta mallake su da tallafi da rance mai sauƙi. Sayen wuta, jonawa, gyara da karɓar kuɗi a ba kamfanin da ya san aikin, da kwangila mai wa'adi wadda ta ƙayyade farashi da hukuncin rashin wuta. Kafin a sa hannu a kan komai, a ɗauko rajistar zuwan jirage ta shekara 2 ko 3, a fitar da waɗanda suka fi maimaita zuwa, a tambayi masu su ko suna da soket, a wane gefen jirgi yake, da nisan da ke tsakaninsa da ƙarshen jirgin. Matsayar da wannan bincike ya nuna ta fi awannin jonawa, da ita za a fara.