Rediyon GE MASTR II ko Motorola GM300: wanne ya fi sauƙin mayarwa zangon mita 2 na masu rediyon sha'awa, wanda ya fara daga 144 MHz?

MASTR II mai kiristal ce, wato ɗan dutsen da ke tsayar da mitar sigina, kowace tasha da nata. Na aikawa ana raba mitar da 12, wato 145.500 MHz na buƙatar kiristal 12.125 MHz. Na karɓa kuwa, idan rediyon na 150.8 zuwa 174 MHz ne, gara a ƙara 11.2 a kan mitar sannan a raba da 9. In aka rage 11.2 ɗin maimakon ƙarawa, da'irar ninka mita kan kasa sauka ƙasa haka, rediyon ya kurmance. Daga nan sai daidaita matatun gaba ɗaya bayan ɗaya da janaretan sigina. Aiki ne mai cin lokaci, amma ga rifita, wato tashar da ke karɓar sigina ta sake watsa shi, ba ta da na biyu.

GM300 manhaja take so: RSS, manhajar saita rediyon Motorola, a kan tsohon tsarin kwamfuta na DOS, akwatin RIB mai haɗa rediyo da kwamfuta, da tsohuwar kwamfuta mara sauri, domin mai sauri kan lalata bayanan rediyon. A nemi samfurin 136 zuwa 162 MHz.

Mai son tashoshi da yawa a mota, GM300 ce tasa. Kowacce dai a gwada ta kan lodin gwaji mai ohm 50, wanda ake sawa a madadin eriya, kuma da lasisi a hannu.