Aikin haɗa mana janareto biyu a Agege

Shekara huɗu muna gudanar da ɗakin sanyi na ajiye nama kusa da mayankar Oko-Oba a Agege, kuma janareto guda mai ƙarfin kVA 250 ne madogararmu duk lokacin da aka ɗauke wuta. Da muka ƙara ɗaki na biyu, sai muka sayi wani mai kVA 150, muka kira wani kamfanin injiniyoyi domin ya haɗa su su riƙa aiki tare a kan layi ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ba su fara da tallata mana kaya ba. Sai da suka shafe mako guda suna auna wutar da muke sha dare da rana, musamman lokacin da injinan sanyi ke tashi, domin a daƙiƙun farko irin wannan inji yakan ja ninki biyar ko shida na abin da ya saba ci. Injiniyan ya bayyana wa Alhaji, mai wurin, cewa ba a haɗe janareto biyu sai ƙarfin wutarsu ya zo ɗaya, bugun wutar, wato kai-da-kawon da take yi, ya tsaya a 50 cikin daƙiƙa, jerin layukan wuta uku da kowanne ke fitarwa ya dace, sannan bugun ya faɗo a lokaci guda. Idan aka kuskure, injinan kan fizgi juna har naɗin waya ya ƙone.

Sun sanya wa kowane janareto na'urar kamfanin Deep Sea samfurin 8610, wadda ke raba nauyin wutar da ake ja gwargwadon ƙarfin kowanne. Yanzu da dare ƙaramin ne kaɗai ke aiki, babban kuma yana tashi da kansa idan nauyi ya ƙaru. Dizal ya ragu, haka ma baƙin man da ke tsiyaya daga salansar babban, wanda ashe ƙarancin nauyi ne ke haddasa shi.

Inda suka gaza shi ne lissafin kuɗi. Sai da aiki ya yi nisa suka ce na'urar daidaita gudun tsohon injin ba ta lantarki ba ce, dole a sauya ta, alhali duba ɗaya a ranar farko ya isa ya nuna hakan. Wannan ya jawo mana ƙarin kuɗi da jiran kwana goma. Horon da suka ba mai kula da injinanmu ma bai wuce awa biyu ba, har yau kuwa yakan buga musu waya idan ƙararrawa ta yi kuka.