Ambulan ɗin ECWA a hannun 'yar Katolika: a saka ko a mayar?

Mama barka da warhaka, na ga tambayarki tun daren jiya, kin ce maƙwabciyarki 'yar ECWA ta kawo miki ambulan na taimakon masu bishararsu da ke ƙauyuka, kin karɓa saboda kunya amma zuciyarki ba ta kwanta ba, wai ko ya dace ɗan Katolika ya sa kuɗinsa a aikin da ba na Ikilisiyarsa ba. Toh ni dai abin da zan ce shi ne, kafin ki duba sunan cocin da ke bayan ambulan, fara tambaya tukuna me za a yi da kuɗin. Domin aiki iri biyu ne ake haɗawa a kira shi aikin Ubangiji, kuma ba ɗaya suke ba a wurinmu.

Na farko shi ne aikin jinƙai, wato asibiti, gidan marayu, abincin 'yan gudun hijira, haƙa rijiya, kuɗin makarantar yaran da aka kashe iyayensu. A nan gaskiya ban ga dalilin da zai sa ki riƙe hannunki ba. Ikilisiya da kanta, a babban taron Vatican na biyu, a takardar da ta fitar a 1964 kan haɗin kan Kirista, ta ce mu haɗa hannu da sauran masu bi wajen yaƙi da yunwa da talauci da jahilci da bala'o'i. Mu nan Zariya ma ba sai an karanta mana takarda ba. Katolika nawa aka haifa a asibitin St. Luke na Wusasa, wanda na Angilika ne? Ni kaina can aka kwantar da mahaifiyata, ba wanda ya tambaye ta katin baftisma kafin a sa mata ruwa. Kuma ki tuna 17 ga Yunin 2012, ranar Lahadi ɗaya aka kai hari Katidiral ɗinmu na Christ the King a Sabon Gari da cocin ECWA Good News a Wusasa, rana ɗaya muka yi kuka, mako ɗaya muka yi ta bizne mutanenmu, wallahi duk wanda ya ga wannan ranar ba zai iya cewa jinyar ɗan ECWA ba ruwansa ba ne.

Na biyu kuma shi ne kafa coci da koyar da bangaskiya, kuma ina ganin ambulan ɗinki a nan ya faɗo. ECWA daga ƙungiyar mishan ta Turawa mai suna SIM ta fito, waɗanda suka iso ƙasar nan a 1893, ta tsaya da ƙafarta a 1954, tana da reshen aika masu bishara da ake kira EMS. Ina girmama mutanen nan ƙwarai, suna zama a ƙauyen da babu wuta babu hanya da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, wasun mu ba za mu iya sati guda a wurin ba. Amma mai bisharar nan in ya tara mutane, abin da ya gaskata shi zai koya musu, kuma daidai ne a wurinsa. Zai ce Jibin Ubangiji tunawa ce kawai, mu kuwa mun ce ainihin jiki da jinin Kristi ne. Ba zai koya musu neman roƙon Uwa Maryamu ba, ba furta zunubi wurin Fada, ba addu'a domin matattu, ba Paparoma. A wasu wuraren ma in ɗan Katolika ya koma wurinsu sai an sake yi masa baftisma ta nitso. Kin ga kenan kuɗinki zai je ya gina koyarwar da ke kanki ba ki yarda da ita ba. Ba zan ce miki zunubi kika yi in kin saka ba, Yesu ma a Markus 9 ya hana almajiransa tsawata wa mutumin da ke aiki da sunansa don kawai ba ya cikin ƙungiyarsu. Amma rashin hana mutum aikinsa daban, ɗaukar nauyin aikin kuma daban.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Dayosis ɗinmu na Zariya a 2000 aka yanke shi daga Kaduna, har yanzu yaro ne, akwai ƙananan majami'u a ƙauyukanmu da Fada ba ya samun zuwa sai bayan makonni, katikis ne ke riƙe da su da tsohon babur, wani ma da ƙafa, ga yaranmu a seminari da ake nema wa kuɗin makaranta. Dokar Ikilisiya mai lamba 222 ta ɗora mana abu biyu, mu biya bukatun Ikilisiya, mu kuma taimaki matalauta daga aljihunmu. Ki lura, wajen matalauta ba ta ce sai 'yan Katolika ba, amma wajen ibada da bishara da kula da ma'aikata, Ikilisiyarki ake nufi. In bishara a ƙauye ce ke ci miki rai, muna da baikon Lahadin Mishan a watan Oktoba, in jinƙai ne ga JDPC, hukumarmu ta adalci da ci gaba da zaman lafiya, ga ƙungiyar taimakon matalauta ta St. Vincent de Paul a faris. Gida bai ƙoshi ba ai ba a kai wa dawa.

Maganar raba Littafi Mai Tsarki tana tsakiya. Fassarar Hausa ta 1932 Furotesta ne suka yi wahalarta, har da Dakta Miller da ya zauna nan Zariya, kuma dukkanmu mun ci moriyarta. Ni zan bayar. Sai dai ki san nasu littattafai 66 ne, namu 73, babu Tobit da Yudit da Hikima da Sirak da Baruk da Makabi biyu a nasu, saboda haka in yaranki za ki saya wa, nemi cikakke.

Masu wa'azin talabijin da na Facebook da ke cewa ki shuka iri ki tura a lambar akawu don ki sami buɗi kuwa, kar ma ki haɗa su da ECWA, a'a kawai.

Da ni ne ke Mama, ba zan mayar da ambulan ɗin wofi ba, ba kuma zan ɓuya mata ba, maƙwabciya ce, ita za ki fara bugawa ƙofa in ciwo ya tashi da dare. Zan same ta in ce mata, 'yar'uwa, baikon bishara na riga na ware wa cocinmu, amma in akwai matar mai bishara da ba ta da lafiya, ko yaransa da aka koro daga makaranta, ko gwauruwar da ke bukatar masara, ga nawa, a rubuta a bayan ambulan cewa na wannan ne. In bazar ɗin faris ɗinku ya zo kuma ki kai mata katin gayyata ke ma.