WPML, Polylang ko TranslatePress: wacce ke jituwa da ƙarin kayan Elementor?

Ɗan'uwa, ka ce ka gina shafinka da Elementor, manhajar tsara shafuka a WordPress, ka ɗora ƙarin wijet (ƙananan tubalan da ake jerawa a gina shafi) na wani kamfani, irin masu jujjuya hotuna, sai WPML, manhajar fassara shafi zuwa wasu harsuna, ta fassara komai ta tsallake rubutun da ke cikinsu. Yanzu kana tunanin komawa Polylang ko TranslatePress, waɗanda su ma manhajojin fassara shafi ne. Dakata tukuna ka ga inda gizo ke saƙa.

Elementor yana dunƙule duk abin da ke shafi, launi da tazara da rubutu, cikin JSON (wani tsarin rubuta bayanai don kwamfuta) a wani fili mai suna _elementor_data. WPML ba ta iya bambance rubutu da lambar launi a cikin wannan dunƙule sai an nuna mata. Wijet ɗin Elementor na asali an riga an nuna mata su. Na wasu kamfanoni kuwa, mai su ne ya kamata ya bayyana filayensu a fayil ɗin wpml-config.xml, kuma ba kowa ke damuwa da yin hakan ba. Kai ma kana iya rubuta shi da hannunka a saitin WPML, ƙarƙashin Custom XML Configuration, muddin ka san sunan wijet ɗin da na filayensa. Bayan nan ka ɗan taɓa shafin asali ka sake ajiye shi, don WPML ta sake karanto shi.

Polylang ba ruwanta da wannan rikici, domin kowane harshe shafinsa daban. Ka kwafi shafin, ka buɗe shi a Elementor, ka sauya rubutun. Wahalar tana zuwa daga baya: in kana da harsuna 3 ka matsar da maɓalli ɗaya, sai ka matsar da shi sau 3. Saman shafi da ƙasansa kuma sukan buƙaci ƙarin manhaja kamar Connect Polylang for Elementor kafin su bi harshen mai ziyara.

TranslatePress ta bi wata hanya. Tana karanta shafin ne bayan ya gama fitowa, kamar yadda mai ziyara ke ganinsa, don haka ko waye ya ƙera wijet ɗin bai dame ta ba. Sai dai fassarar tana manne da ainihin jimlar: ka gyara kalma ɗaya a asali, sai ta ɗauke ta sabuwar jimla, ka sake fassarawa. Ga shafin da rubutunsa ke sauyawa kullum, abin yana gajiyarwa.

Ni dai a wurinka ba zan yi ƙaura ba, tunda fassarorinka suna cikin WPML, kuma kwaso su zuwa TranslatePress ba ƙaramin aiki ba ne. Ka fara rubuta wa masu wijet ɗin ka tambaye su ko suna da wpml-config.xml. In wijet biyu ne kawai ke ba ka matsala, maye gurbinsu da na Elementor na asali ya fi sauƙi.